Iyakar Gudu A Kan Babbar Hanya Da Hukuncin Wanda Ya Ƙetare Ta

 

Abin da ya jawo wannan rubutu wata tambaya ce da wani direba ya kawo mana zaure bayan sallar La'asar. Ya zauna daga gefe, sai da ɗalibai suka watse sannan ya matso. Dattijo ne, ya haura shekara 20 yana jan bas ta haya. Ya ce, "Allah gafarta Malam, na buge yaro a hanya, ya rasu. Iyayensa sun ce sun yafe, ƙaddara ce. Abokan aikina a tasha sun ce ba abin da ke kaina. Amma yau wata uku ke nan barci ya gagare ni." Muka tausasa masa zuciya, muka tambaye shi inda abin ya faru. Ya ce a tsakiyar wani ƙauye da kwalta ta ratsa, ranar kasuwa. Muka ce, "Malam direba, a lokacin allurarka tana kan nawa?" Ya sunkuyar da kai, can ya ce ta ɗan wuce 100.

Za mu dawo kan amsar da muka ba shi. Amma tambayar da muka yi masa ita ce wadda mutane da yawa ke ganin ba ta da gurbi a bakin malami. A wurinsu lambar da aka rubuta a allon gefen hanya sha'anin boko ne, tsakanin direba ne da ma'aikatan hanya, ba ruwan addini da ita. Wasu kuwa, masu tunani, gardamarsu ta fi wannan ƙarfi: suna cewa wa ya tabbatar lambar tana ceton rai? Me ya sa 100, ba 120 ba? Wannan gardama ba mu muka fara ta ba, kuma ƙasar da ta fi kowace gwada ta a aikace ita ce Amurka. Ya kamata mu ji yadda suka ƙare kafin mu buɗe littattafanmu.

A watan Oktoba na 1973, lokacin yaƙin Larabawa da Isra'ila, ƙasashen Larabawa masu arzikin man fetur, da Sarki Faisal na Saudiyya a kan gaba, suka daina sayar wa Amurka mai. Fetur ya yi wuya, aka yi ta layi a gidajen mai. Ran 2 ga Janairu, 1974, Shugaba Nixon ya sa hannu a kan wata doka da ta ce kada mota ta wuce mil 55 a awa, wato kusan kilomita 90, a duk faɗin ƙasar, jihar da ta ƙi kuwa a hana ta kuɗin gina hanyoyi daga gwamnatin tarayya. Kafin nan jihohi da yawa a kan mil 70 suke, wasu ma fiye. A lura, tsimin mai aka nufa da dokar, ba wanda ya kawo ta don ceton rai. Sai da shekara ta zagayo aka duba lissafi, aka ga waɗanda suka mutu a kan hanya sun ragu daga wajen 54,000 a 1973 zuwa wajen 45,000 a 1974. Mutum 9,000 suka kwana a gidajensu, alhali bisa lissafin shekarar da ta gabata da an riga an kai su makwanci.

Nan fa gardama ta tashi, kuma ta ɗauki shekara 21 ba ta kwanta ba. Masu ƙin dokar suka ce ba ita kaɗai ta rage mutuwa ba: mai ya yi tsada, tattalin arziki ya ja baya, mutane sun rage tafiye-tafiye. Wannan gaskiya ce. Majalisar bincike ta ƙasar ta zauna a kan maganar, ta fitar da rahoto a 1984, ta ce ko an cire waɗancan dalilai, dokar tana tsirar da rai 2,000 zuwa 4,000 kowace shekara, amma kuma tana cinye wa matafiya awa wajen miliyan 1,000 a shekara. Ga ma'auni nan an ajiye a fili: lokaci a ɓangare guda, rayuka a ɗaya ɓangaren. Mutanen jihohin yamma, inda za ka yi tafiyar awa guda ba ka ga gida ba, suka ce an zalunce su, an ɗinka musu riga da awon mutanen birni. Jihar Montana har ta mai da dokar abin dariya, domin wanda aka kama da rana tararsa dala 5 ce, ya biya nan take ya wuce. Wani masanin tattalin arziki a Jami'ar Kalifoniya, Charles Lave, ya kawo hujjar da har yanzu ake maimaitawa, cewa abin da ke kisa shi ne bambancin gudu tsakanin motoci, wannan na rarrafe wancan na tashi sama, ana ta wuce juna. In duk suna tafiya bai ɗaya, ko da sauri ne, karo zai ragu.

A 1987 majalisarsu ta yarda a koma mil 65 a manyan hanyoyin da ke wajen gari. A 1995 Shugaba Clinton ya sa hannu aka soke dokar ɗungurungum, aka mayar wa kowace jiha ikonta. Daga nan lambobi suka yi ta hawa, har a 2012 jihar Texas ta buɗe wata hanya mai iyakar mil 85, kusan kilomita 137. To, me ya biyo baya? Yawan mutuwa in an auna shi da yawan tafiya ya ci gaba da raguwa na shekaru, saboda an tilasta ɗaura bel, an inganta ƙirar motoci, an matsa wa masu tuƙi cikin maye. Masu son gudu suka ce kun gani. Amma wata cibiyar binciken haɗurra ta kamfanonin inshora ta yi lissafi a 2019, ta ce ƙarin iyakar gudu ya jawo mutuwar mutum kusan 37,000 tsakanin 1993 da 2017 waɗanda da ba a ƙara ba da ba su mutu ba. Maganganun biyu ba su warware juna ba. Ana iya samun sauƙi ta ƙofa uku, a yi hasara ta ƙofa ɗaya, jimla ta nuna riba, alhali hasarar tana nan.

Abin da ya fi jan hankalinmu a cikin labarin duka shi ne abin da ya faru a Montana bayan 1995. Da aka sakar musu mara, sai suka cire lamba gaba ɗaya ga ƙananan motoci da rana, suka ce kowa ya yi gudun da ya dace da hankali da yanayin hanya. Magana mai daɗin ji. Shekara uku kacal ta yi. A watan Disamba na 1998 babbar kotun jihar ta rushe ta, bisa hujjar cewa ba yadda mutum zai san lokacin da ya karya dokar da ba ta da iyaka sananniya, kuma ba adalci ba ne a bar hukunci ga ganin damar ɗan sanda. A 1999 suka dawo suka rubuta mil 75 a allo.

Ɗalibin Usulul Fiƙhi da ya ji wannan zai yi murmushi, domin malamanmu sun gama wannan magana tun ƙarnoni da dama. Asali dai, abin da Montana ta fara faɗa shi ne daidai: a yi tafiya gwargwadon hali. Ya tabbata a hadisai ingantattu cewa ranar saukowa daga Arfa, a Hajjin Bankwana, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ji hayaniya da dukan raƙuma a bayansa, ya yi wa jama'a nuni da bulalarsa ya umurce su da natsuwa; shi kansa yana tafiya matsakaiciya, in ya sami sarari ya ɗan ƙara sauri. Cunkoso da hukuncinsa, sarari da nasa. Amma idan aka zo ga hukuncin da za a ɗora wa jama'a duka, Shari'a ba ta rataya shi a kan abin da ba ya aunuwa. Dubi sallar ƙasaru. Hikimarta ita ce sauƙaƙa wahalar tafiya, amma ba a ce duk wanda ya ji wahala ya yi ƙasaru ba, domin wahalar wani hutun wani ce. Sai aka rataya ta a kan tafiya mai nisa sananne, mil 48 a mazhabarmu ta Malikiyya. Haka nisabin zakka: ba a ce mai jin kansa mawadaci ya fitar ba, an yanka adadi. Lambar da ke allon hanya irin wannan aiki take yi. Kowane direba yana ganin shi gwani ne, kowane saurayi yana ganin gudunsa ya dace da hankali. In aka bar wa kowa awonsa, alƙali ba shi da abin da zai riƙe ranar da aka kawo masa gawa.

Kada wani ya ce mota sabon abu ce, magabata ba su yi magana a kanta ba. Sun yi magana a kan abin hawan zamaninsu. Imamu Malik ya bayyana a cikin Muwaɗɗa cewa mahayin dabba da mai jan ta da mai kora ta duk suna lamunin abin da ta taka, kuma ya kafa hujja da hukuncin Sayyidina Umar ɗan Haɗɗabi, Allah ya yarda da shi, wanda ya ɗora diyya a kan al'amarin wani mutum da ya yi sukuwa da dokinsa ya taka wani, takawar ta zama ajalinsa. Wanda ya karanta Risala ta Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani a zaure ya wuce ta kan wannan mas'ala a babin jini da haddi. Doki kuwa yana da ransa da nufinsa, yana iya bijire wa linzami. Mota ba ta da nufi sai na wanda ƙafarsa ke kan totur, saboda haka lamuni a kanta ya fi tabbata.

Malaman wannan zamani ma ba su bar maganar a buɗe ba. Majalisar Fiƙhu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na 8 a birnin Bandar Seri Begawan na ƙasar Burunai a watan Yuni na 1993, ta yanke cewa bin dokokin hanya waɗanda ba su saɓa wa Shari'a ba wajibi ne, domin yana cikin biyayya ga shugaba a kan abin da ya tsara don maslahar jama'a, kuma hukuma tana da ikon hukunta mai saɓawa. Ta kuma ce haɗarin mota yana ƙarƙashin hukunce-hukuncen jinaya, galibinsa na kuskure, direba yana lamunin abin da ya ɓata na rai ko dukiya, ba a ɗauke masa sai in abin ya zo ta hanyar da ba shi da ikon kauce mata, ko aikin wanda aka buge shi ne ya jawo, ko laifin wani ne dabam. Abin sha'awa, ko a Jamus, inda mafi yawan manyan hanyoyinsu ba su da iyakar dole, shawara kawai ake bayarwa ta kilomita 130 tun 1978, babbar kotunsu ta yanke a 1992 cewa wanda ya wuce 130 aka yi karo da shi zai ɗauki wani kaso na hasara ko da ba shi ya fara laifi ba, sai in ya tabbatar da cewa ko a 130 yake haɗarin zai auku. Sun bar maka gudunka, amma sun ajiye maka lamuninka.

Mu dawo gida. A Nijeriya an kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa a 1988, zamanin Janar Babangida, Farfesa Wole Soyinka ne shugabanta na farko. Ƙa'idar hanya ta ba ƙaramar mota ta gida kilomita 50 a cikin gari, 80 a babbar hanya, 100 a tagwayen hanya. Tasi da bas 50 da 80 da 90. Tanka da tirela 45 da 50 da 60. Muna roƙon mai karatu ya sake duba lambar ƙarshen nan, sannan ya tuna tirelar da ta wuce shi a tafiyarsa ta baya. Hukumar tana ƙirga mutum sama da 5,000 da ke mutuwa a hanyoyinmu kowace shekara a 'yan shekarun nan, waɗanda labarinsu ya iso gare ta ke nan, kuma shekara bayan shekara gudun wuce kima ne ke kan gaba a jerin dalilan da take bayarwa.

'Yan kasuwa mutanen lissafi ne, to mu yi lissafi. Daga Kano zuwa Kaduna wajen kilomita 230 ne. Mai tafiya a kan 100 zai yi awa 2 da minti 18. Mai tafiya a kan 130, in har ya samu ya riƙe ta tun daga farko har ƙarshe, abin da ba ya yiwuwa, zai yi awa 1 da minti 46. Ribarsa rabin awa. Me ya bayar a madadinta? Ƙarfin da mota ke dukan abu da shi ba bin gudu yake sawu da sawu ba, ninkawa yake: ƙarin kashi 30 cikin 100 na gudu yana kawo ƙarin kusan kashi 70 na ƙarfin karo. A ɗauka motoci biyu suna jere, ɗaya a 100 ɗaya a 130, saniya ta faɗo hanya, direbobin suka gan ta lokaci guda. Kafin ƙafa ta tashi daga totur ta sauka a kan birki daƙiƙa guda ta wuce, na farko ya ci mita 28, na biyu mita 36. A busasshiyar kwalta na farko zai tsaya cik bayan mita 80 da 'yan kai. A daidai wurin da ya tsaya, na biyu yana nan yana tafiya a kan wajen kilomita 90. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta ce haɗarin mutuwar mai tafiya a ƙasa in mota ta buge shi yana ninkawa sau huɗu da rabi daga kilomita 50 zuwa 65. Daga 50 zuwa 65 fa aka ce, ba a ma je 100 ba.

Ba za mu ɓoye hujjojin direbobinmu ba, domin wasunsu suna da nauyi. Lokacin da hukuma ta tilasta wa motocin haya sanya na'urar ƙayyade gudu, wadda aka fara kama masu ƙin ta ran 1 ga Fabrairu, 2017, sun koka da tsadarta. Sun ce a hanya mai falle ɗaya, bas ɗin da aka ɗaure wa ƙafa takan daɗe a hannun da ba nata ba in za ta wuce tirela, wannan kuwa shi ma haɗari ne. Sun ce an ɗaure talaka an bar masu manyan motoci na gida. Sun ce akwai dazuzzukan da in 'yan fashi ko masu satar mutane suka biyo ka, gudu ne kaɗai makaminka. Na ƙarshen nan larura ce, larura kuwa tana da hukuncinta, amma ana auna ta da gwargwadonta; tsoron daji guda bai halatta ratsa kasuwar ƙauye a kan 100 da rana tsaka ba. Sauran kuwa magana ce da ya kamata hukuma ta saurara da kunnen basira. Ita lambar ba wahayi ba ce. Ijtihadi ne na masana, ana iya ɗaga ta inda hanya ta yi kyau aka katange ta daga mutane da dabbobi, ana iya sauke ta inda makaranta take. Wanda ke ganin an yi kuskure ya kai ƙara inda ake gyara doka. Abin da ba shi da shi, shi ne ya yi wa kansa fatawa da ƙafarsa ta dama, da rayuka 18 a bayansa waɗanda ba wanda ya shawarce su.

Hukuma ma tana da nata kason. Wanda ya wajabta wa mutane iyaka, wajibi ne ya kafa allon da za su gan ta, ya cike ramin da ke sa su kauce wa hannunsu, ya hana ma'aikacinsa mai da doka abin ciniki a bakin hanya. Kuma ya fara bin ta da kansa. Ba abin da ke zubar da kwarjinin doka kamar jerin gwanon manya da jiniya, suna kora talakawa cikin kwalbati, gobe kuma a ji su a rediyo suna wa'azin a rage gudu. Ma'aikatan gwamnati da ke karanta wannan shafi, da yawanku ku ne ke zaune a kujerar baya. Direba yana duban fuskarku a madubi kafin ya taka.

Ku ma alhazai masu motoci, kada ku ɗauka kun fita. Wanda ya yanka wa direbansa balas ɗin da ba ya samuwa sai an yi sawu uku a hanyar sawu biyu, ya san da me za a cike gibin. Fatken da ya makara a gida, ya shiga mota yana cewa direba taka mana kada kasuwa ta watse, har yana yi masa gorin tsoro, shi ma ya sa hannu. Malamai sun bambanta wanda ya aikata da hannunsa da wanda ya zama sanadi, kuma galibi lamuni a kan na farko yake sauka. Wannan a gaban alƙali ke nan. Zunubin ingiza mutum ga abin da ke halaka bayin Allah kuwa ba ya jiran alƙali.

Saura maganar ƙaddara, wadda ita ce mafakar kowa a tasha: in kwana ya ƙare ko a kan gado sai a tafi. Haka ne, mun yi imani da wannan. Amma Ubangijin da ya ƙaddara ajali shi ne ya saukar da hukuncin kisan kuskure a aya ta 92 ta Suratun Nisa'i, ya wajabta diyya da kaffara a kan mutuwar da shi ya riga ya rubuta. Da ƙaddara tana wanke mai sakaci da ba a saukar da ayar ba. Kuma ba mu taɓa ganin mai wannan magana ya bar shagonsa a buɗe ya tafi gida, ya ce abin da aka ƙaddara za a sata sai an sata.

Ga abin da muka gaya wa baƙonmu. Diyya haƙƙin magada ce, raƙumi 100 ko dinari 1,000 na zinariya, a kan dangin wanda ya yi kisan, ana biya cikin shekara uku. In magadan yaron sun yafe da son ransu, suna sane da abin da suka bari, ta faɗi, Allah ya saka musu. Kaffara kuwa haƙƙin Allah ce, yafewar iyaye ba ta kai gare ta. Tun da babu bawan da za a 'yanta, azumin wata biyu ne a jere. Ya ce, "Malam, ba a ciyar da miskinai 60 a madadinsa?" Muka ce a wannan kaffarar babu ciyarwa. Ya ce, "Da a kan 50 nake fa?" Muka ce da mun zauna mun bincika ko yaron ne ya faɗo ta inda ba mai iya kauce masa, wataƙila da an sami mafita, amma wanda ya ratsa ƙauye ranar kasuwa da ninkin abin da aka iyakance masa, shi ya rufe wa kansa wannan ƙofa.

Muka ƙara masa da cewa ya zaɓi watannin da azumin Ramadana ko ranar Salla ba za su faɗo a tsakiyarsu ba, kuma ya sani a mazhabarmu in rashin lafiya ta sa ya sha, zai ɗora daga inda ya tsaya, amma in don tafiya ya sha, jerin ya yanke, sai ya koma farko. Wannan ta fi komai yi masa nauyi, domin shi kullum matafiyi ne. Ya yi ta ƙirga da yatsunsa, sannan ya ce zai roƙi maigidansa ya mai da shi jigilar cikin gari na wata biyu, ya fara ran 1 ga Muharram.